Kashi na Bakwai

Yayata ta yi shekara ashirin da biyu tana guga a asibiti, ko hankici ba ta taɓa ƙonawa ba. Da wannan nake fara labarinta duk sanda aka tambaye ni, don ita ma da shi take farawa. Ɗakin wankin yana can bayan ɓangaren haihuwa. Ƙasansa kullum a jiƙe, iskarsa kullum da zafi, ga manyan bahuna uku na ɗauraya, ga teburinta a lungu kusa da taga an lulluɓe shi da tsohon bargo. Dutsen gugarta na lantarki ne mai nauyi, wanda bai saba ba sai ya sa hannu biyu. Ita kuwa da hannu ɗaya take juya shi, ɗaya hannun yana yayyafa ruwa, bakinta yana yi wa wani faɗa.

Har takardu ake kawo mata. In takardar shaidar wani likita ta yamutse a akwati, ko ruwa ya taɓa katin haihuwar ɗan wata malamar jinya, wurin Yaya za a nufa. Sai ta shimfiɗa farin ƙyalle a kai, ta rage wuta, ta bi a hankali, takarda ta fito a miƙe. Tana ji da wannan iyawa tata ƙwarai, kuma ba ta ɓoyewa.

Tana aji uku na sakandare mahaifinmu ya rasu, ta ajiye biro ta raine ni. Daga baya mijinta ma ya rasu ya bar mata yara biyu. Muka zauna tare a gidajen ma'aikata da ke bayan asibitin, ɗaki biyu da baranda. A barandar nake ɗinki, don ni tela ce. Har na yi furfura Auta take ce mini.

A shekarar da ta cika arba'in da shida aka kawo sabon shugaba asibitin. Bai yi wata guda ba aka liƙa takarda a allon sanarwa: duk ƙaramin ma'aikacin da bai kawo satifiket na gama sakandare ba kafin ƙarshen shekara, zai ajiye aiki, ya kuma miƙa makullin gida. Yaya ta karanta sau biyu, ta dawo gida ta zauna a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Auta," ta ce, "zanen gado ne zai tambaye ni satifiket?"

Ba da hannu biyu wofi ta tsaya ba, don ta taɓa zama jarrabawar har sau biyu a shekarun baya, ta ci darasi huɗu. Biyar ake nema. Lissafi ya kayar da ita duka biyun, saboda haka a wannan karon ta rabu da shi ta rubuta sunanta a adabi. A ganinta, labari ai labari ne, ba zai gagari wadda ta girma tana ba yara tatsuniya ba.

Su shida suka shiga ajin yamma, duk ƙananan ma'aikatan asibiti. Akwai aminiyarta Doguwa, kukun ɗakin girkin marasa lafiya, wadda suka fara aiki rana ɗaya da Yaya. Doguwa ba ta da miji ba ta da ɗa, ga sanyin magana, ga jinkirin karatu, sai ta bi layi da yatsa tana motsa leɓe. Akwai Direba, mai tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, uban yara tara, mutum mai saurin fushi da sakakken baki. Sauran ukun masu shara ne biyu da mai gadi ɗaya. Malaminsu kuwa tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, idonsa ya fara yin yana, aka ɗora masa adabi don wanda ke koyarwa ya bar garin. Abin da wancan ya bari a aljihun tebur shi ne littafi guda ɗaya tak.

Masu jarrabawa sun ba da littafi biyu a zaɓi ɗaya. Duk makarantun garin ɗayan suke karantawa, wannan kuwa ko a kantin littattafai babu shi. A lokacin kuma ba a san wani ɗaukar hoto da waya ba. Malam ya juya littafin, ya dubi ɗalibansa shida, ya yi abin da malamin lissafi zai yi. Ya sa reza ya raba shi kashi bakwai. Aka kawo mini na ɗinke bayan kowane kashi a kan keke, na yi masa bango da kwalin sabulu. Shida za su riƙa zagayawa, kowa ya riƙe nasa mako guda ya miƙa wa na gaba. Na bakwai, wato ƙarshen labarin, Malam ya sa shi a ambulan ya kulle.

"In na sake shi yanzu," ya ce, "can kowa zai fara leƙawa. Ni kaina ban buɗe ba. Ranar da kuka kai, ku za ku karanta mini."

Labarin wasu yara biyu ne 'yan shekara sha shida, aminan juna tun suna rarrafe, yaƙi ya ci garinsu aka kwashe su aka ba su bindiga. Wata rana aka sa su gadin gidan da aka kwantar da masu rauni, aka ja musu kunne kada a ga haske ko na ashana. Ɗayan ya kunna fitila don ya karanta wasiƙar babansa, wadda a ciki uban yake ce masa kada ya zubar da mutuncin gidansu. Abokan gaba suka hango hasken suka yi ruwan wuta, mutum huɗu suka mutu. Da aka tsare su da tambaya, mai fitilar ya yi shiru, abokin ya ce shi ya kunna. Aka tura abokin bakin daga, bai dawo ba.

Haka labarin yake in ka karanta shi a jere, amma su ba a jere suka karanta ba. Direba da kashi na shida ya fara, ya yi makokin abokin mako guda, sai ga shi a mako na gaba yaron yana raye yana satar mangwaro. Yaya kuwa kashi na huɗu ne ya fara faɗo mata, daidai wurin fitilar. Saboda haka tun kafin ta san yaron da uwarsa da ƙuruciyarsa, ta riga ta tsane shi. Ragon yaron nan take ce masa. Tana cin abinci sai ta ajiye cokali.

"Ki ji fa, Auta. Yana tsaye yana kallo aka tafi da ɗan mutane. Bakinsa ciwo yake yi?"

"Yaya, yaro ne, tsoro ya ji."

"Tsoro? Wane ne ba ya jin tsoro? Da ɗana ne da na tsine wa nonon da ya sha."

Haka muka yi wata huɗu da ragon yaron nan a gidanmu. Ta rame. In ta ga mai kai takardun ofis ya nufo ɗakin wanki sai gabanta ya faɗi. Ta fara tambayata ko ɗakin haya a bayan kasuwa zai ɗauki gadonmu da keken ɗinki, sai kuma ta ce in bar maganar, kamar ni na tayar.

Saura kwana goma sha biyu jarrabawa aka rufe makarantar da suke aron aji a ciki, sai karatun ya dawo barandarmu. Suna zaune a benci da tabarma, ni ina gefe ina taka keke, saboda haka abin da ya biyo baya da idona na gani. Malam ya fito da ambulan. Kowa kwana biyu, in ji shi. Yaya ce babba, ita za ta fara, sai Doguwa, sai Direba.

Ganye goma sha huɗu ne. Washegari ta tafi da shi wurin aiki a aljihun rigarta. Da aka tashi hutun rana ta karanta ganye uku a tsaye. An gama yaƙi, yaron ya zama saurayi, ya yi tafiyar kwana da kwanaki har ƙofar gidan uwar abokinsa. Tsohuwar ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna ta dube shi ta ce, "Kai da kuke tare, faɗa mini yadda aka yi aka tura shi." Daidai nan aka buga ƙararrawar komawa aiki. Yaya ta naɗe ganyen da ta karanta baya, ta mayar aljihu, ta sunkuya za ta ciro zanen gado daga bahon ɗauraya. Kashi na bakwai ya sulale ya faɗa ruwa.

Da wani ne da ya shanya a rana. Yaya kuwa mai guga ce, hannunta ya riga tunaninta. Ta tsamo shi, ta kwantar a kan bargo, ta rufe da farin ƙyalle, ta ɗora dutse. Abin da ta manta shi ne tun safe labulen ɗakin tiyata take gogewa, wuta tana can ƙarshe. Tana ɗorawa kuma aka ƙwala mata kira daga ƙofa, wata mata ta haihu a kan hanya, a kawo zannuwa maza. Ta kwasa ta ruga. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa barin dutse a kife ba sai ranar.

Da ta dawo hayaƙi ya cika lungun. Allah ya sa sauran masu wanki suna waje wurin shanya. Ta ɗaga dutsen ta tarar ya ci ƙyallen, ya ci ganye goma sha ɗayan da ba ta karanta ba tun daga sama har ƙasa. Tsakiyarsu ta zama baƙin gawayi mai siffar dutsen guga sak, da tsininsa da faɗinsa, sai 'yan kalmomi a gefe-gefe. Dokar ɗakin wanki kuwa a rubuce take a bango: wanda ya bar dutse a kunne ya fita, korarsa a ranar, ba sai an jira ƙarshen shekara ba. Ta buɗe taga, ta juya bargon, ta cusa ƙyallen a ƙasan kwandon shara.

Da ta dawo gida ba ta ce mini komai ba. Na dai ga ba ta ci abinci ba, na ga ba ta zagi ragon yaron ba. Na tambaye ta yadda labarin ya ƙare, ta ce kanta ke ciwo. Da kwana biyun suka cika ta miƙo mini ambulan ɗin a liƙe, ba ta dube ni ba.

"Ki kai wa Doguwa, ni na makara."

Ni tela ce, na san ƙaurin ƙyalle da ya sha wuta. Tun kafin in fita daga baranda ya daki hancina. Na tsaya, na juya ambulan ɗin, na sake shinshinawa. Sai na ci gaba da tafiya. Na sami Doguwa a ɗakin girki tsakanin manyan tukwane, na miƙa mata, na ce Yaya tana gaishe ta. Wannan tafiyar har yau in na tuna ta sai in ji kunyar kaina.

Ranar da Doguwa za ta miƙa wa Direba, kowa ya hallara a baranda. Ta zo a makare, ta zauna a ƙarshen benci, ta ajiye ambulan a gaban Malam. Direba ya fizga ya zazzage. Ganyen suka zubo da ƙaton rami a tsakiya, amma ba siffar dutsen guga ba. An bi gefen ƙunar da almakashi an zagaye shi, ya koma kamar gindin tukunya.

"Mene ne wannan?" in ji Direba.

"Ni ce," Doguwa ta ce a hankali. "Na ajiye a gefen murhu, na sauke tukunya a kai ban lura ba. Ku yi haƙuri."

Ba wanda ya yi shakka, don kuku ce, da wuta take wuni. Direba ya miƙe tsaye, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce 'ya'yansa tara, ya ce wata huɗu yana karatu a cikin mota har ya kusa banke shanu, ya ce dama tun farko ita ke ja musu baya da karatunta na kunkuru. Ya juya ga Malam ya ce to ya faɗa musu ƙarshen da baki. Malam ya cire tabarau ya goge.

"Na gaya muku ban buɗe ba. Ba wasa nake yi ba."

Sai duk suka juyo ga Yaya, tunda ita kaɗai ta riƙe shi lafiyayye. Na daina taka keke. Yaya ta dubi ƙasa ta ce aiki ya yi mata yawa, ganye uku kawai ta samu ta karanta. Wannan gaskiya ne, kuma da shi ta fake. Direba ya ce shi dai ba zai ƙara zama benci ɗaya da Doguwa ba, masu shara suka goyi bayansa. Doguwa ta ɗauki jakarta, ta yi wa Malam sallama, ta sauka daga baranda. Ta bi ta gaban Yaya ba ta waiwaya ba.

Kwana huɗu ba ta dawo ba. Kowa ya san in ba a zaune ana tattaunawa ba, Doguwa ba ta riƙe abin da ta karanta, ke nan an bar ta ta faɗi ita kaɗai. Ni da Direba muka zaga gari neman littafin, makaranta-makaranta, kanti-kanti, har wurin masu sayar da tsofaffin takardu ana ƙunshe kaya. Ko ganye ɗaya ba mu samu ba. Yaya kuwa ta zama wata iri. In an buga ƙofa sai ta zabura. Ta goge rigar makarantar ɗanta sau uku a rana ɗaya. Kashi na huɗu ya sake zagayowa hannunta don bita, ta zauna da shi a cinya tun la'asar har rana ta faɗi ba ta juya shafi ba.

A rana ta huɗu na kasa haƙuri. Yara sun fita, na tsayar da keke.

"Yaya, na ji ƙaurin."

Ta ɗago a firgice.

"Tun ranar da kika ba ni. Kuma ba ƙaurin murhu ba ne."

"To me kike so in yi?" ta ce. "Kin san bakin Direba. In ya ji dutse na bari a kunne, kafin gobe ya kai ofis ko bai yi niyya ba. Ina zan kai yaran nan? Ina zan kai ki?"

"Ni kar ki sa ni a ciki. Ke ce fa kike cewa da ragon yaron nan ɗanki ne da kin tsine masa."

Ban taɓa gaya mata magana mai zafin wannan ba, ita da ta goya ni. Na ɗauka mari zan sha. Sai kawai ta ɗauki mayafi ta fita, na bi bayanta don ban san inda za ta ba. Ɗakin girki ta nufa. Doguwa tana kankare gindin tukunya, ta gan mu, ta wanke hannu, ta zura a aljihun rigar aikinta ta ciro wani ƙullin leda. A ciki guntayen da ta yanke ne, baƙaƙe, har da tsinin dutsen a jikinsu.

"Ga kayanki," ta ce. "Na rasa inda zan zubar wani bai gani ba."

"Don me kika yi haka?" in ji Yaya.

"Ni tukunya na sauke, ba dokar da ta hana. Ke kuwa da marayu biyu. Ki koma ki yi karatunki, 'yar uwa, saura kwana huɗu."

Yaya ta karɓi ledar ta riƙe, ba ta yi godiya ba, ba ta yi kuka ba. Da yamma da aka taru a baranda, Malam bai gama zama ba ta miƙe. Ƙafafunta suna karkarwa har ina jin ƙarar awarwaronta. Ta kwance ledar a kan benci, ta jera guntayen ɗaya bayan ɗaya har siffar ta haɗu.

"Wannan ba tukunya ba ce," ta ce. "Dutsena ne. Na bar shi a kunne na fita. Na liƙe ambulan na aika wa Doguwa don a ce ita ce. Ranar da kuka kore ta ina nan zaune. Wanda zai kai ofis, ga hanya."

Kowa Direba yake kallo. Ya buɗe baki ya rufe, ya sosa ƙeya, ya sunkuya ya ƙura wa guntayen ido.

"Babbar Yaya," ya ce can, "ni fa tun da na fara tuƙa motar nan jiniya ta kashe mini kunne. Ban ji abin da kika ce ba." Ya juya ga masu shara. "Ku kun ji?"

Suka ce su ma ba su ji ba. Direba da kansa ya je ya taho da Doguwa, yana tafe yana ba ta haƙuri da ƙarfi har maƙwabta suna leƙe. Bakinsa kuwa, abin mamaki, ya riƙe maganar har ya bar aiki. A 'yan kwanakin da suka rage Malam ya nanata musu abu ɗaya: tambaya biyu za a ba su a kan littafin, su amsa ɗaya. Duk wadda ta taɓo ƙarshen labari su tsallake ta kamar sun ga rami.

Ranar jarrabawa Yaya ta dawo fuska a sake, rabon da in ga haƙoranta tun kafin a liƙa takardar nan. Ta ci abinci har da ƙari. Doguwa ta biyo ta, suka zauna, ta ce ita ta amsa ta wasiƙar uban, ta kuma tambayi Yaya wacce ta ɗauka.

"Ta biyun. Abin da ya faru tsakaninsa da tsohuwar, da abin da ya nuna game da mutunci. Shafi huɗu na cika."

Doguwa ta ajiye kofin da ke hannunta. "Ba ke kika ji Malam ba?"

"Na ji. Amma ai a fili yake. Mutum zai yi tafiyar kwana da kwanaki, a shimfiɗa masa tabarma, uwa ta dube shi ido cikin ido, ya kuma yi shiru? Ya faɗa mana. Na rubuta yadda ƙafarsa ta yi rawa, na rubuta yadda ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Na san yadda abin yake."

Ni da Doguwa muka dubi juna. Na ce Allah ya sa haka ne. Wata uku muka yi muna jira, ni ina ta lissafa hanyoyin da labari zai iya ƙarewa, ita tana cewa hanya ɗaya ce.

Sakamako ya fito. Doguwa ta ci da ƙyar, Direba ya ci, mutum biyu cikin sauran suka ci. Yaya ta faɗi. A ƙarshen shekara aka ba ta takarda mai layi uku, muka miƙa makulli, muka koma ɗakin nan na bayan kasuwa. Ya ɗauki gadon da keken, sai dai in za a buɗe ƙofa sai an matsar da kujera. Ta sayi dutsen gawayi ta kafa tebur a ƙofar gida. Duk ranar hutu Doguwa za ta iso da ƙunshin fararen kayan malaman jinya a ka, don sun ce wanda aka ɗauka a madadin Yaya yana sa musu kari biyu a hannun riga. Da haka aka ci, da haka yara suka gama makaranta. Yaya ta dage cewa mai duba takarda ne bai iya karanta rubutunta ba.

Bayan shekara biyu, wata ranar Asabar da hantsi, sai ga motar asibiti a ƙofarmu. Direba ya kai mara lafiya wani gari mai nisa, ya ga littafin a shimfiɗe a bakin titi cikin tsofaffin littattafai, cikakke da bangonsa. Ya rantse bai leƙa ba. Ya ce layi layi ne, kwana biyun Babbar Yaya ba su cika ba.

Ta sauke dutsen daga tebur ta ajiye a kan bulo, ta goge hannu, ta zauna a kan kujera. Ta nemo wurin da tsohuwar ta yi tambaya. Ni da Doguwa da Direba muna tsaye muna kallon fuskarta. Ganye goma sha ɗaya, ta ɗauki kusan awa guda. Da ta kai ƙarshe ta koma baya ganye biyu ta sake karantawa, sannan ta rufe.

"Bai faɗa ba," ta ce.

"Kamar yaya?" in ji Direba.

"Ya ce mata ƙuri'a aka jefa ta faɗa kan ɗanta. Ta sa masa albarka. Ya ci abincinta, ya kwana a ɗakin abokin, da safe ta ba shi rigar mamacin ya saka ya tafi. Shi ke nan littafin."

Direba ya fara zagin marubucin, ya ce a ba shi adireshinsa. Na ɗauka Yaya ma za ta dawo da ragon yaron nan, tunda saboda shi ta rasa aikin shekara ashirin da biyu. Ba ta zage shi ba. Ta daɗe tana shafa bangon littafin da tafin hannu kamar mai miƙar da kari, sannan ta ɗago ta dubi Doguwa.

"Gara da ya ƙone," ta ce. "Da na karanta wannan kafin ranar, na ga an sa masa albarka ya tafi da riga, wallahi ban san ko zan miƙe ba."

Doguwa ta ɗauke kai tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. Yaya ta miƙa mata littafin.

"Ke ce ta biyu. Kwana biyu, ki ba Direba. In kun gama a kai wa Malam, ni zan karanta masa."

Ta tashi ta hura gawayin, ta gwada zafin dutsen da yatsa mai yawu, ta jawo farar riga ta gaba.